Hair metal da grunge: wa ya kori wa daga dandali?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya wani ƙaninmu a zauren nan ya kawo tambaya. Ya ce yana yawan cin karo da maganar cewa faifai guda na ƙungiyar grunge ta Nirvana, wato Nevermind, shi ne ya binne kiɗan da ake kira hair metal a 1991. Yana son sanin bambancin kiɗan biyu, kuma ko da gaske faifai ɗaya zai iya rusa kasuwar da ta shekara kusan goma tana ci.

Ƙanina, bari in ba ka amsata tun daga farko, sannan in jera maka su kafaɗa da kafaɗa ka gani da kanka. Nirvana sun taka rawa babba, babu mai musun wannan. Amma iska ce ta tarar da kaba na rawa. Kafin su iso, gidan ya riga ya tsage ta ciki, kuma waɗanda suka ƙarasa tura bangon su ne kamfanonin faifai da tashar MTV, wato mutanen da suka gina shi da hannunsu.

Mu fara da sunayen, don su ma akwai labari a cikinsu. Hair metal na nufin kiɗan metal na masu gashi, kuma da ba'a aka fi furta shi, saboda yadda mawaƙan ke tara gashi su tayar da shi sama da man feshi. Su kansu sun fi ɗaukar abin da suke yi a matsayin rock mai nauyi kawai. Grunge kuwa kalma ce da ke nufin dauɗa ko datti. Ƙaramin kamfanin faifai na Sub Pop ya yi amfani da ita wajen tallar ƙungiyar Green River a 1987, 'yan jarida suka ɗauka suka yaɗa, alhali yawancin makaɗan da aka laƙaba wa sunan ba sa ƙaunarsa.

Hair metal ɗan Los Angeles ne, kuma a wani yanki na titin Sunset aka rene shi, inda gidajen rawa irin su Whisky a Go Go da Roxy da Gazzarri's ke kusa da juna. Mötley Crüe sun kafu a birnin a 1981, shekarar da MTV ta fara watsa bidiyon waƙoƙi dare da rana. A 1983 faifan Metal Health na Quiet Riot ya zama faifan metal na farko da ya hau saman jadawalin Billboard, mai jera faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Daga nan matasa suka yi ta kwarara birnin daga ko'ina a Amurka, kowa da jitarsa da burinsa. Poison daga jihar Pennsylvania suka taso. Gasar ta yi zafi har masu gidajen rawa suka fito da wani tsari: ƙungiya ce za ta sayi tikitin wasanta da kuɗinta, ta bi titi tana tallarsa, in ba ta sayar ba asararta. Wanda ya tashi a irin wannan kasuwa dole ya iya jan ido, domin akwai ƙungiyoyi da yawa a bayansa suna jiran dandamalin.

Grunge kuwa ɗan Seattle ne, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, garin ruwan sama da hazo. A shekarun 1980 manyan mawaƙa kan tsallake ta in suna zagayen wasa, don ta yi nisa. Makaɗan garin ba su da wani ɗan kamfani da za su burge. Abokai ne ke kallon abokai a ƙananan mashaya, yau wannan yana kan dandamali gobe yana cikin 'yan kallo. Soundgarden sun kafu a 1984. Kurt Cobain da Krist Novoselic na Nirvana ma ba 'yan Seattle ba ne, daga Aberdeen suka fito, garin masu saran katako da sana'arsa ke ja da baya. Bruce Pavitt da Jonathan Poneman na Sub Pop su ne suka tattara waɗannan ƙungiyoyi, suka ba su kama ɗaya da hotuna marasa launi na Charles Peterson, har a 1989 suka ɗauko ɗan jaridar mujallar Melody Maker daga Ingila ya zo ya rubuta labarinsu. Shi ya sa matasan Ingila suka fara sanin Mudhoney da Nirvana tun yawancin Amurkawa ba su ji sunansu ba.

In ka sa kunne, bambancin a fili yake. Kiɗan hair metal tsaf-tsaf yake, an goge shi kamar kwanon amarya. Mawaƙi na ɗaga murya sama sosai, amshi kuwa an gina shi don mutum dubu ashirin su rera tare a filin wasa. A tsakiyar kusan kowace waƙa akwai wurin da ake bar wa mai jita shi kaɗai ya nuna saurin yatsunsa, gadon da suka ɗauko daga Eddie Van Halen. Grunge ya fi jan ƙafa, ya fi kauri. Soundgarden da Alice in Chains kan sassauta tsirkiya don jitar ta yi gurnani daga ƙasa, irin na Black Sabbath. Nirvana sun haɗa wannan nauyi da garajen kiɗan punk: baiti a sanyaye kamar ana raɗa, amshi ya zo ya fashe da ihu. Cobain da bakinsa ya faɗa cewa daga ƙungiyar Pixies ya koyi wannan salo. Inda ɗan hair metal zai goge kuskure a sitidiyo, ɗan grunge kan bar shi don a ji mutum ne ke kaɗawa.

Sutura ba sai na daɗe a kanta ba. A hair metal akwai matsattsen wando mai sheƙi, da jan baki da kwalli da gyale-gyale. A grunge kuwa rigar sanyi mai gidan dara ce da kodadden wandon jins, galibi na gwanjo, domin su ne masu araha kuma su ke maganin sanyin yankin.

Abin da ake faɗa a waƙar shi ne inda na fi ganin tazara. Mafi yawan waƙoƙin hair metal biki ne: giya, mota, mata, daren da ba ya ƙarewa. Yadda ake nuna mata a bidiyoyinsu, kamar kayan ado da aka jera a shago, yana cikin abubuwan da har yau ba na iya kallo da daɗin rai. Grunge ya juya ya kalli cikin gida. Iyayen Cobain sun rabu yana shekara tara, kuma wannan tabo na cikin muryarsa. Pearl Jam sun yi waƙar Jeremy a kan wani ɗalibi da ya harbe kansa a gaban 'yan ajinsu a jihar Texas a 1991. Jerry Cantrell na Alice in Chains ya rubuta Rooster a kan mahaifinsa da ya yi yaƙin Vietnam. A ƙarshen 1992 Cobain ya rubuta a jikin wani faifan Nirvana cewa masu ƙin mata da masu wariyar launin fata su daina zuwa wasansu, su daina sayen faifansu. Amma a yi adalci, ba duk 'yan ɗaya ɓangaren ne 'yan sharholiya zalla ba. Shahararriyar waƙar Bon Jovi ta 1986 labarin lebura ne na tashar jirgin ruwa da yajin aiki ya zaunar, da budurwarsa mai aikin gidan abinci. Skid Row sun yi waƙa a kan yaro ɗan shekara 18 da ya ƙare a kurkuku. Sai dai irin waɗannan tsiraru ne a cikin tarin waƙoƙin biki.

Dubi kuma kuɗin da ake kashewa. Def Leppard, 'yan Sheffield ta Ingila, sun shafe fiye da shekara uku suna haɗa faifan Hysteria na 1987, ya ci miliyoyin daloli. Faifan Nirvana na farko, Bleach na 1989, Jack Endino ya naɗe shi a kan dala 606 da 'yan kai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka duniya biyu ce.

To, yaya aka yi gidan ya tsage? A nan nake son ka tsaya da ni.

Bayan Slippery When Wet na Bon Jovi ya sayar da miliyoyi a 1986, kamfanoni suka gano dabara suka riƙe ta gam. A samo samari huɗu ko biyar masu kyan fuska, a fitar musu da waƙar farko mai zafi, ta biyu kuma ta zama waƙar soyayya mai sanyi wadda rediyo zai yi ta sakawa. Dabarar ta ci: waƙar soyayya ta Poison ta hau lamba ɗaya a Disambar 1988. Da aka ga haka sai kowane kamfani ya shiga neman nasa Poison ɗin. Zuwa 1990 mai kallon MTV sai ya jira an rubuta suna a ƙasan allo kafin ya san wace ƙungiya ce. Gashi iri ɗaya, bidiyo iri ɗaya, waƙar kuka iri ɗaya. Kiɗan da ya fara a matsayin na 'yan tawaye ya koma abin da uwa da 'yarta ke saurare tare a mota, kuma saurayi ɗan shekara 16 ba ya son tawayen da babarsa ta amince da shi.

Alamar farko ma daga cikin Los Angeles ta fito, shekara huɗu kafin Nevermind. A 1987 Guns N' Roses suka saki Appetite for Destruction. A titin Sunset suka taso, amma kiɗansu na da kaushi da haɗari, ba irin gogaggen nan ba, kuma jama'a suka yi masa rububi. Metallica ma suna ta tara magoya baya ta wata hanyar, ba jan baki ba man feshi. A 1988 Penelope Spheeris ta fitar da fim ɗin gaskiya a kan makaɗan titin Sunset, inda aka ga samari da dama kowa na da tabbacin zai zama tauraro, aka kuma ga wani mai jita a cikin kwamin wanka yana ɗura wa kansa giya mahaifiyarsa na zaune a gefe. Mutane da yawa da suka kalla sun fita da tausayi maimakon sha'awa.

Ƙungiyoyin kansu sun gaji. A Disambar 1984 Vince Neil na Mötley Crüe ya yi hatsarin mota cikin maye, mai gangar ƙungiyar Hanoi Rocks ya mutu a sanadin haka. A Disambar 1987 Nikki Sixx, shi ma ɗan Mötley Crüe, ya kusa rasa ransa saboda heroin. Poison sun rabu da mai jitarsu C.C. DeVille a 1991, Mötley Crüe kuma suka rabu da Vince Neil a farkon 1992. Babu hannun ɗan Seattle ko ɗaya a cikin wannan.

Sai wani abu da ba a cika ambata ba. Kafin Mayun 1991, Billboard na dogara ne da abin da masu shagunan faifai suka faɗa mata cewa shi ya fi tafiya, kuma irin wannan lissafi yana da ƙofofin maguɗi. Daga watan nan aka koma ga SoundScan, na'urar da ke ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa. Nan da nan gaskiyar kasuwa ta fito: ƙungiyar rap ta N.W.A ta hau lamba ɗaya a Yuni, Garth Brooks mai kiɗan country ya hau a Satumba. Ashe kunnen Amurkawa ya daɗe da rarrabuwa. Ga tattalin arzikin ƙasar ya shiga matsi daga tsakiyar 1990 zuwa farkon 1991, ga yaƙin Tekun Fasha. Matashin da ya gama makaranta bai samu aiki ba, wahala ne ya ga kansa a bidiyon mai doguwar mota da kwalbar shamfen.

A cikin wannan yanayi Nevermind ya fito ranar 24 ga Satumba 1991, a ƙarƙashin DGC, reshen kamfanin Geffen. Kwafi 46,251 kacal aka fara rarrabawa shagunan Amurka, kamfanin na fatan in an yi sa'a a sayar da kamar dubu 250. Ɗan hakin da ka raina ke nan. MTV ta kama bidiyon Smells Like Teen Spirit tana sakawa ba ƙaƙƙautawa, kuma ranar 11 ga Janairu 1992 faifan ya ture Dangerous na Michael Jackson daga lamba ɗaya. Ku da kuka san girman Michael Jackson a wancan lokaci, har a garuruwanmu, kun san abin da hakan ke nufi. Kuma ba Nirvana kaɗai ba ne: Ten na Pearl Jam ya fito a Agustan 1991, Badmotorfinger na Soundgarden a Oktoba. Cikin 'yan makonni gari guda ya aiko da faifai uku.

Amma duba 1992 da kyau kafin ka yarda cewa dare ɗaya aka yi jana'iza. Mako biyu kawai Nevermind ya yi a lamba ɗaya. A Janairun shekarar, a bikin American Music Awards, ƙungiyar hair metal ta Firehouse ce ta lashe kyautar sabuwar ƙungiyar rock mai nauyi, ta doke Nirvana da Alice in Chains. Waƙar soyayya ta Mr. Big ta hau lamba ɗaya bayan 'yan makonni. Adrenalize na Def Leppard ya yi mako biyar a saman jadawali. Masu saye ba su gudu rana ɗaya ba.

Waɗanda suka gudu da sauri su ne masu kuɗin. Jani Lane na Warrant ya sha ba da labarin yadda ya shiga ofishin kamfaninsu na Columbia a 1992 ya tarar an cire hoton ƙungiyarsa daga bango an maye gurbinsa da na Alice in Chains. Faifansu na shekarar, wanda ya fi na baya nauyi da zurfi, ya sayar da abin da bai kai rabin na 1990 ba, domin babu mai tura shi. 'Yan kamfanoni sun tattara sun nufi Seattle suna sa hannu da duk mai rigar gidan dara. MTV ta sauya abin da take nunawa, har wasan zanenta na Beavis and Butt-Head ya mayar da rigar ƙungiyar Winger alamar yaron da ake wa dariya. Gazzarri's ya rufe a 1993, shirin MTV na kiɗan metal, Headbangers Ball, ya tsaya a 1995. Ƙananan ƙungiyoyi na sahu na biyu da na uku, waɗanda aka ƙera bisa dabara, su ne suka ɓace ƙurmus. Manya da suka gane in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza sun tsira: Jon Bon Jovi ya rage gashinsa, ƙungiyarsa ta saki Keep the Faith a ƙarshen 1992, ta ci gaba da cika filaye, musamman a Turai.

Wani abin da labarin "yaƙi" ke ɓoyewa shi ne dangantakar jini da ke tsakaninsu. Layne Staley, mawaƙin Alice in Chains, da ƙungiyar masu tayar da gashi ya fara. Andrew Wood na Mother Love Bone mai son kwalliya da ƙyalƙyali ne a dandamali, kuma bayan rasuwarsa a Maris 1990 ne abokansa biyu, Stone Gossard da Jeff Ament, suka kafa Pearl Jam. Alice in Chains sun buɗe wa Van Halen wasa, Soundgarden sun buɗe wa Guns N' Roses da Skid Row. Duff McKagan na Guns N' Roses shi kansa ɗan Seattle ne da ya taso a kiɗan punk na garin. Nevermind ɗin ma a Los Angeles aka naɗe shi, a sitidiyon Sound City, aka kuma goge sautinsa daidai da kunnen rediyo, abin da daga baya ya dami Cobain.

Sarautar grunge ba ta yi tsawon ta hair metal ba. A Oktoban 1993 faifan Pearl Jam na biyu ya sayar da kwafi fiye da dubu 950 a makon farko. Tun ƙarshen 1992 mai zanen tufafi Marc Jacobs ya riga ya ɗora rigar gwanjon Seattle a kan masu tallar kaya a New York da tsada. Kamfanoni suka sake ɗauko tsohuwar dabararsu, suka shiga neman masu kwaikwayon muryar Eddie Vedder, mawaƙin Pearl Jam, har daga Ingila da Ostareliya. Cobain ya kashe kansa a Afrilun 1994 yana shekara 27. Soundgarden sun watse a 1997. Staley ya mutu a 2002 sanadin ƙwaya, Chris Cornell, mawaƙin Soundgarden, ya rasu a 2017. Wannan ɓangare yana min nauyi a zuci, domin heroin ɗin da ya kusa kashe Nikki Sixx shi ne ya ci Andrew Wood da Staley. Jani Lane ma giya ce ta kai shi ƙasa a 2011, yana shekara 47. Ɓangarorin biyu duk sun binne 'ya'yansu.

In ka tambaye ni inda na karkata, ina tare da 'yan Seattle. Sun buɗe wa saurayi ƙofar ya faɗa a waƙa cewa yana cikin damuwa ba tare da an ce ya gaza ba, kuma sun rage wulaƙancin da ake wa mata a bidiyon rock. Amma ba na jin daɗin yadda aka riƙa yi wa makaɗan ɗaya gidan dariya kamar ba su iya komai ba. Da yawansu gwanaye ne da suka shekara da shekaru suna koyon jita. Rick Allen na Def Leppard ya rasa hannunsa na hagu a hatsarin mota a ƙarshen 1984, ya koyi kaɗa ganga da hannu ɗaya da ƙafafunsa, ya koma dandamali. Kuma masoyansu ba su taɓa barinsu ba: a 2022 Mötley Crüe da Def Leppard da Poison sun zagaya manyan filayen wasa na Amurka tare, jama'a suka cika su.

Ƙanina, in kana son kunnenka ya yanke maka hukunci, ka saurari huɗu a jere. Ka fara da Dr. Feelgood na Mötley Crüe na 1989, don ka ji hair metal a ganiyarsa. Ka koma baya zuwa Appetite for Destruction. Ka ajiye Nevermind a ƙarshe. Na uku kuwa ya zama Facelift na Alice in Chains, wanda ya fito a Agustan 1990 ya kuma sayar da rabin miliyan tun kafin Nevermind ya shiga shago. A cikinsa za ka ji gwanintar jita irin ta titin Sunset tana nan ba ta tafi ba, amma muryar Staley ta riga ta yi duhu, tsirkiyar Cantrell ta riga ta fara gurnani. In ka saurara, ka dawo zaure ka faɗa mana a wace waƙa ka fara jin sauyin.